Yadda Na Ɗauko Lawali Daga Gidan Kaso Kafin Shuka

Tun da na dawo daga Nijar ba a bar ni na sha shayi cikin natsuwa ba. Da na zauna a bakin tashar Ƙaura sai wani ya jawo benci: "Ɗanjuma, wai ya can ɗin take?" Waɗanda ko Allah ya kiyaye hanya ba su ce min ba ranar da zan tafi, su ne yanzu suka fi kowa ƙishin labari. To ga shi na rubuta, wanda ya iya karatu ya karanta wa sauran. A aji biyar na bar firamare, mai neman gyaran rubutu ya nemi wani.

Ba yawon buɗe ido na je ba. Ƙanena Lawali, manomi a Dauran, shi ya ja min. Bayan kaka ya sayi bijimi a kasuwar Shinkafi, ya yi ta ɗura masa harawa da dusa, da bazara ta kama ya ce zai ƙetara da shi Nijar, wai kuɗin can sun fi auki. Yana shiga kara, wato kasuwar shanu, wani Buzu ya zagaya bijimin, ya duba tambarin wuta a cinyarsa, ya rungume wuyansa. Nasa ne, an kore masa shi tare da garke. Jandarmomi suka tasa Lawali gaba sai gidan kaso, abin da mu muke ce wa gidan yari.

Gidan Lawali cike yake da yara, babu wanda ya isa riƙe sungumi. In ruwan shuka ya sauka yana can, bana babu gero, kuma kaina za su dawo, ni da rumbuna ko gida ɗaya ba ya kaiwa kaka. Innarmu ta kira ni ta ce, "Ka tahi ka ɗauko min yaro kahin ruwa shi sauka." Yaron da furfura ta cika wa gemu.

Abin da zai wanke shi ɗaya ne: dillalin da aka yi cinikin a hannunsa ya je ya faɗa da bakinsa cewa a tsakiyar kasuwa Lawali ya saya, da rana tsaka. Shi ne Bawa Dillali na Shinkafi.

Hanyar Ƙaura zuwa Shinkafi kun san ta, ba sai na ɓata tawada ba. Ana jira motoci su taru, a tafi a jere. In an zo wuraren da kowa ya sani, direba ya kashe rediyo, mota ta yi tsit, har mai tari ya haɗiye abinsa. Da an wuce sai a koma faɗa kan wa ya danne ƙafar wa.

Na tarar da Bawa ya yi shiri kamar mai tafiya Makka: buta, sanda, darduma, goro cike da aljihu. Tsoho ne gajere, haƙoransa na gaba sun yi ritaya, bakin kuwa bai yi ba.

"Kwantar da hankalinka, ɗan'uwa," in ji shi. "Kotu gidana na. Na yi shaida Ƙaura, na yi Isa, na yi Gusau. Alƙalai ukku sunka mutu sunka bar ni ina shaida."

Muka bi ta Isa muka faɗa Sabon Birni, daga nan sai babur cikin rairayi. A iyaka, wani jandarma ya tare mu, ya ƙame, ya ɗaga hannu. Ni kuwa na kare fuska. Ashe sara mana yake yi! Haka suke, sai sun sara maka kafin su tambaye ka takarda. Abin da zai same ka bayan nan daban, amma dai an sara maka. Ya ce, "Kar dantite." Wato katin shaida. Na miƙa nawa. Bawa ya laluba ya fito da katin ƙungiyar dillalai, hoton tun yana da haƙora. Jandarman ya dubi hoto, ya dubi Bawa.

"Tsoho, wanga ɗanka na?"

"Ni na, ranka shi daɗe. Naira ta maishe ni haka."

Dariya ta kama shi, ya ce mu wuce. Maganar naira kuwa gaskiya ce. Na ba ɗan canji damin da ya kumbura min aljihu, ya miƙo min 'yan takardun da suka shige cikin hulata.

Ba zan faɗi sunan garin ba, don ina iya sake komawa. Mun sauka gidan Alhaji Isufu, fatoman 'yan shanu, wato mai saukar da fataken dabbobi a zaurensa. Mutumin kirki ne, sai dai ya fi rediyo surutu. Da safe aka kawo mana burodi dogo kamar taɓarya, ɓawonsa ya kankare min dasashi. Bawa ya jiƙa nasa a ruwa kamar mai wanki. Shayinsu kuma a ɗan kofin da bai fi murfin kwalba ba, ɗaci kamar maɗaci, kuma sai ka jira zagaye uku kafin a sallame ka. Kwaɗon zogalensu dai na sara masa, da kilishi. Da azahar ta gabato gari ya mutu. Ofis a rufe, kanti a rufe, kowa ya kwanta. Mu a Ƙaura in ka kwanta da rana sai a zo gaishe ka da jiki.

Na je kaso na ga Lawali. Ya rame, wuya ya fito. Na zaci zai tambayi Inna ko yara. Ya leƙa sama ta saman katanga ya ce, "Yaya, an yi ruwa Dauran?"

"Ba a yi ba. Yaushe za a shiga kotu?"

"Ba a ba ni rana ba."

Tun farkon bazara yana zaune, ko ƙofar kotu bai gani ba. Na koma masauki na ce wa Alhaji Isufu ya nuna min gidan alƙali, in je in durƙusa. Ya yi dariya har goro ya sarƙe shi.

"Mi za ka yi wurin alƙali? Nan alƙali ba ya ba da rana. Hurokira ka badawa."

Furokira shi ne mai gabatar da ƙara na gwamnati. Na ce wasa yake. Mu a gida mai gabatar da ƙara ai ɗan sanda ne mai tsohon fayil a hammata, wanda duk ranar kotu maganarsa ɗaya: ranka ya daɗe, takardu ba su dawo ba. Alƙali ya duba kalanda ya ɗage. Na sani, don an taɓa sace min injin niƙa, aka kama ɓarawon, aka ajiye injin a harabar kotu wai shaida. Aka yi ta ɗagewa har kaji suka fara ƙwai a cikinsa. Ɓarawon ya yi aure ya haihu, ni ina sintiri.

A can kuwa furokira babban mutum ne, makaranta ɗaya suka yi da alƙalin. Shi ke zaɓen shari'ar da za a shiga da ranar da za a shiga. Alhaji Isufu ya ce abin bai tsaya nan ba. Alƙalai kwana suke rabawa. Na Talata dattijo ne mai sauraro, na Alhamis kuwa kafin ka gama sallama ya gama rubutu. Wanda ya zaɓa maka rana ya zaɓa maka alƙali ke nan.

Na ce, "Alhaji, wannan ai kokawa ce abokin karawarka shi ka sa rana, shi ka zaɓen alƙalin wasa."

"Shi a abin da aka ta gardama kai a rediyo," in ji shi. Wai lauyoyi sun tashi, suna so a gyara doka: a karɓe sa rana daga hannun furokira a ba shugaban alƙalai, kuma a yanke iyakar zaman da mutum zai yi a kaso ba a kai shi kotu ba. Masu gabatar da ƙara kuma suna cewa su suka san wanda bincikensa ya nuna da wanda bai nuna ba. Ana nan ana ja.

Sannan ya faɗi abin da ya hana ni cin tuwo. Kotunsu tana tafiya dogon hutu da damina. Wanda bai samu rana kafin hutun ba, sai an yi girbi.

Na tare a bencin ƙofar furokira. Kullum in zo da sassafe, kullum a ce ya fita, ko yana ciki amma yana da baƙi. Har masu sayar da ruwa suka san sunana. Ran da aka shigar da ni na tarar da yaro siriri, bai fi sa'ar babban ɗana ba, takardu sun kewaye shi kamar buhunan gyaɗa a sito. Hausarsa da ɗan gargada, amma ana ji.

"Baba, mi ke tahe da kai?"

Na faɗa masa komai. Na ce ga shaida na kawo tun daga Shinkafi, yana can yana cinye wa fatoma abinci. Da ma bakina ba ya da birki, sai na ƙara: "Amma ranka shi daɗe, kai ka tuhumar ƙanena, kuma kai ka sa mai rana? Ina aka haka?"

Bai yi fushi ba. Ya tuɓe tabarau ya murza ido.

"Can babban birni ma haka suka hwaɗi. In sun karɓa, Baba, ni barci zan samu. Ku can wa ka sa rana?"

"Alƙali."

"To, ya abin yake?"

"Shina sawa. Sannan shi ɗage."

Ya yi dariya, ya jawo takardun Lawali daga can ƙasan tulin, ya karkaɗe ƙura. Ya ce, "Talata, ƙarhe takwas. Ka zo da shaidarka. Zaman Talatan nan shi a na ƙarshe kahin hutu."

Na fito ina jin kamar an sauke min dutse. Talata! Alƙalin dattijo. Na kai wa Bawa albishir, sai na ga ya ɓata fuska. Ashe Talata ce ranar wata babbar kasuwar shanu a bayan gari, kuma tun da muka zo yake jin ƙamshinta.

"Ɗanjuma, kai hwa ba yaro ba ne," ya ce. "Ranar hwarko ta gaisuwa ta. A kira suna, a ce kana nan, a ɗage. Ka taɓa ganin an saurari shaida ranar hwarko?"

Ban taɓa gani ba. Ku ma da kuke karantawa ba ku taɓa gani ba, kada wani ya yi min wayo. Alhaji Isufu ya tafi ƙauye ta'aziyya, babu wanda zai ce mana a'a. Muka shirya: Bawa ya leƙa kasuwa, ni in je in karɓo sabuwar rana, in roƙi a sa ta kusa.

Ranar Talata na karya kumallo a tsanake, na tsaya aka goge min takalmi. Ƙarfe takwas ɗin kotu ai hantsi ne, in alƙali ya zo da wuri. Ina isa na ji ana ta magana a ciki. Na leƙa. An yi nisa! Ga 'yan kaso a jere a benci, ana kiran su ɗaya bayan ɗaya kamar layin awo. A karanta laifi, a ji shaida, a yanke, na gaba. Ga alƙali a sama cikin baƙar riga. Ga yaron nan furokira, shi ma baƙar riga, shi ma a sama, kujerarsa daidai da ta alƙali. Da Faransanci suke yi, tafinta yana juyawa.

Ban gama zama ba aka kira Lawali. Buzun ya miƙe, dogo, rawani har ido. Tun asuba yake ƙofar kotu, daga daji mai nisa. Ya faɗi nasa. Lawali ya faɗi nasa. Tafinta ya ɗaga murya:

"Ina shaida Bawa?"

Shiru.

"Shaida Bawa!"

Alƙali ya juya ya dubi furokira. Furokira ya buɗe kalanda yana juya shafi, yana juyawa, ya wuce damina gaba ɗaya. Tafinta ya ce tun da shaida bai zo ba, sai bayan hutu. Lawali ya waiwayo ya dube ni. Na gwammace ya zage ni.

Ban san lokacin da na miƙe ba. "Ranka shi daɗe, shaida na nan garin! Mu can gida ranar hwarko ba a komai, shi ya sa!"

Da tafinta ya juya maganar, kotu ta fashe da dariya, har 'yan kason. Wani jandarma ya nufo ni. Furokira ya ɗaga hannu, ya yi wa alƙali magana ƙasa-ƙasa. Tafinta ya ce: mai gabatar da ƙara ya mai da shari'ar ta zama ta ƙarshe a yau. In alƙali ya tashi babu shaida, shi ke nan.

Na ƙirga bencin da ido, waɗanda suka rage ba su da yawa, kuma dattijon nan sauri yake kamar mai jin yunwa. Na faɗa kan kabu-kabu, wato ɗan acaɓa, na ce kasuwar shanu, in ka kashe ni na yafe.

Kasuwa ta cika maƙil. Ta ina za ka nemo gajeren tsoho cikin ƙahoni? Muryarsa ce ta tona shi. Na same shi tsakanin wani Bafillace da mahauci, ya kama hannun wannan ya kama na wancan yana ƙoƙarin haɗawa. Mutumin da ya zo baƙunta, har ya samu aiki.

"Bawa, taso! Ana shari'a!"

"Wace shari'a? Dakata in kashe wanga ciniki, saura kaɗan a ce albarka."

"Wallahi in ba ka taso ba kai za a yi wa albarka!"

Na cafki rigarsa, aljihu ya yage, goro ya watse, awaki suka samu rabo. Muka hau babur mu uku. A tsakiyar hanya rairayi ya riƙe taya, muka sauka muna turi, takalmin Bawa ɗaya ya tsaya can. Yana ta mita wai na raba shi da la'adarsa, wai tun da yake bai taɓa ganin kotu marar haƙuri irin wannan ba.

Muka shiga ana fita da na kusa da ƙarshe. Bawa ya tsaya gaban alƙali, ƙafa ɗaya da takalmi, ɗaya da kashin shanu. Ya gyara murya ya fara: "Ranka shi daɗe, ina gajiya, ina iyali, ya aka ji da jama'a..." Alƙali ya buga tebur. Tafinta ya ce, "Tsoho, bijimi."

Nan kam Bawa ya yi abin da ya kawo shi. Ya faɗi launin bijimin, da ƙahon hagu da ya ɗan gutsure, da inuwar da aka yi cinikin, da waɗanda ke tsaye, da yadda Lawali ya yi ta tayawa har ya ba shi haushi. Buzun yana gyaɗa kai a kan ƙahon. Sai furokira ya miƙe.

"Wa ya kawo bijimin kasuwa?"

Bawa ya sunkuyar da kai, abin da ban taɓa gani ba. Can ya ce, "Wani mutum na daga daji. Ranka shi daɗe, yanzu a wajenmu in mutum ya hito daji da shanu, ba a tambaya tai suna. Mai tambaya ba ya kwana gida."

Babu wanda ya yi dariya. Su ma sun san dajin, iyakarmu ɗaya.

Furokira ya yi magana mai ɗan tsawo. Tafinta ya taƙaita: ba ya da sauran tuhuma a kan Lawali, a sake shi, bijimi a ba mai shi. Alƙali ya amince, ya yi wa Bawa faɗa kan dillancin abin da bai san asalinsa ba, ya tattara rigarsa ya tashi. Mutumin da ya ajiye ƙanena tun farkon bazara, shi ne ya nemi a sake shi, kuma duka abin bai kai tsawon cin tuwo ba.

A waje Buzun ya zo ya kama hannun Lawali ya ce, "Ka iya kiwo. Da ƙashi ya tahi, da nama ya dawo." Ya kwance ƙullinsa ya ba shi cuku guda biyu. Kuɗin bijimi da harawa da dusa, ga abin da suka zama. Mun ci a mota, ba laifi.

Masu tambayata wa ya fi, mu ko su, kuma ko gyaran dokar zai yi amfani: ban sani ba, ni ba lauya ba ne. Na ga inda alƙali ke riƙe da rana, na ga inda mai ƙara ke riƙe da ita, duka biyun talaka ne ke zaman benci. Da za a tambaye ni, iyakar zaman kason nan ita zan fara sa wa hannu. Kuma duk wanda za a damƙa wa kalandar, a fara kai shi gona ya ga yadda damina ke wuce mutum.

Washegari da safe aka gama takardu aka sallami Lawali. Muka biyo ta Jibiya don ta fi kusa da Dauran. Bawa ya rabu da mu a Zurmi, yana cewa in saya masa takalmi. Tun daga Gurbin Ɓaure muka fara ganin ruwa kwance a gefen hanya. Lawali ya manne da taga.

Kafin mu shiga Dauran ya buga jikin mota. "Direba, tsaya nan!" Ya sauka, ya tsallake kwalbati, ya nufi gonarsa da kayan da ya fito kaso da su. Na bi shi ina cewa Inna na jira. Ya durƙusa ya tona ƙasa da hannu har wuyan hannu ya nutse, ya damƙo ta ya matse. Ta dunƙule.

"Ya shiga," in ji shi. "Yaya, tahi gida ka ce a hiddo iri. Kuma nan za ka kwana. Gobe ni ka sara, kai ka bi baya kana zubawa."

Haka aka yi. Ni da na ƙetare iyaka, na yi zaman benci, na tura babur cikin rairayi, na wuni ina bin bayan ƙanena da ƙwaryar iri, yana min tsawa wai ina zubawa da yawa. Sannu da hanya dai har yau bai ce min ba. Geron ya tsiro.